Amsa: Dole ne kwatabak ya buga NFL kafin ya zama koci a jami'a?

Malam, kana tambaya ko kwatabak na jami'a, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari a ƙwallon Amurka, sai ya yi suna a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wasan, kafin a ba shi koci. A'a, ba dole ba ne. Dubi Josh Heupel: shi ne kwatabak ɗin da ya kai Jami'ar Oklahoma ga kofin ƙasa na jami'o'i a kakar 2000, ƙungiyar Miami Dolphins ta NFL ta ɗauke shi a 2001, amma bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. A 2004 ya koma Oklahoma ƙaramin mataimaki, aikin yanka bidiyon abokan hamayya da shirya atisaye. Ya zama kocin kwatabak a 2006, ya shiga tsara hari a 2011, ya zama babban koci a Jami'ar Central Florida (UCF) a 2018, sannan a Jami'ar Tennessee a 2021. Shekara 14 ke nan daga ƙasa zuwa kujerarsa ta farko ta babban koci, kuma a tsakani Oklahoma ta sallame shi bayan kakar 2014.

Sharaɗi ɗaya dai, iya hari kaɗai ba ya riƙe kujerar. Kliff Kingsbury, shi ma tsohon kwatabak ne na Jami'ar Texas Tech, ya zama babban koci a can, ya horar da Patrick Mahomes, kwatabak ɗin da ya shahara a NFL daga baya, ƙungiyarsa na zuba maki kamar ruwa, amma tsaro ya yi ta yoyo. Daga 2013 zuwa 2018 ya ci wasa 35, ya sha kashi 40, aka kore shi. Irin waɗannan kociyoyi sukan faɗi ne wajen zaɓen mai tsara tsaro da jawo yaran sakandare masu ƙarfi a layin gaba.