Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Masaukin Ɗalibai, A Haɗe Ko A Rabe?

Tun da sunayen sababbin ɗalibai suka fara fitowa, yawancin wasiƙun da suka iso mu kan wurin kwana suke. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗiyata ta samu gurbin digiri na biyu a Ingila. A fom ɗin masauki an rubuta cewa ginin na maza da mata ne a haɗe. Ɗaki ɗaya ake nufi? In haka ne gara ta zauna gida. Daga wani mahaifi a Arkilla, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, kwantar da hankalinka, ba ɗaki ɗaya ake nufi ba. Amma kalmar "a haɗe" tana ɗaukar abubuwa daban-daban, kuma sai ka san wanne ne a gabanka kafin ka biya ko sisin kwabo.

Wani ginin ƙofar shiga kawai ake tarayya a kanta, mata na hawa ɗaya maza na wani, kowane hawa da banɗakunansa. Wani kuma hawan ɗaya ne aka raba gida biyu, da ƙofa a tsakani mai buɗewa da kati. Wanda ya fi yawa a Ingila shi ne tsarin fulat: ɗakuna biyar zuwa takwas ko fiye a bayan ƙofa ɗaya, kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma kicin da wurin zama na kowa da kowa ne, kuma mazauna fulat ɗin maza ne da mata. A Amurka an fi haɗa ɗalibi biyu a ɗaki, kuma bisa al'ada jinsinsu ɗaya; inda ake da ɗakin da namiji da mace ke zama tare, sai wanda ya nema da kansa ake sa wa.

To ka ga abin da ya kamata ka bincika ba sunan ginin ba ne. Abu biyu ne: banɗaki da kicin. In ɗakin yana da banɗakinsa a ciki, rabin damuwar ta kau, don ba za ta fito da ɗaurin ƙirji ta ratsa baranda ba. Irin wannan ɗaki ya fi tsada, kuma a ganinmu kuɗin ya cancanta. Kicin kuwa shi ne inda yarinya mai hijabi ke takura: ko ruwan shayi za ta dafa da asuba sai ta yi shiri kamar mai fita unguwa, ga firji ɗaya da naman alade da giya ke iya zama kusa da kwanonta, ga tukunya da soson wanke-wanke da wani zai ara bai tambaya ba. Wata tara a haka ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai karatu.

Abin yi shi ne wannan. Jami'o'i da dama a Ingila suna ware fulat na mata zalla, wasu ma suna da wanda ba a shiga da giya, amma ba su da yawa, kuma wanda ya riga nema ake ba. Ta cike fom ɗin a ranar da aka buɗe shi, ta zaɓi na mata zalla, sannan ta bi da imel zuwa ofishin masauki ta ce dalilinta na addini ne. Kada ta tsaya kan alamar da ta sa a fom kawai, domin a wurare da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin buri, ba alkawari ba. Ta nemi amsa a rubuce kafin ta sa hannu a yarjejeniya ko ta biya kafin alƙalami, don yarjejeniyar takan ɗaure mutum mako 40 zuwa 51, kuma fita daga cikinta sai an samu wanda zai maye gurbin. Ta kuma yi tambaya ɗaya da mutane ke mantawa: a fulat ɗin matan, an yarda baƙo namiji ya shiga, ko ma ya kwana? A mafi yawan wurare an yarda, na ɗan kwanaki. Haka nan masu gyaran famfo da lantarki sau da yawa maza ne, sai ta nemi a riƙa sanar da ita kafin su zo.

In duk wannan bai samu ba, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar takan haɗa 'yan mata su kama gida tare a gari. Kuma akwai wuraren da har yau na mata ne kaɗai, kamar kwalejojin Newnham da Murray Edwards a Kambirij. Hana ta tafiya shi ne abu na ƙarshe da za mu ba ka shawara a kai, Alhaji. A garin da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye su karantar da mata, bai dace fom ɗaya ya tsayar da karatun ɗiya mace ba alhali da mafita.

TAMBAYA: Ɗiyata ta shiga aji biyu a wata babbar makaranta a nan Sakkwato, bana ba ta samu gado a hostel ba. Dillali ya nuna mata ɗaki kusa da makaranta, amma akwai ɗalibai maza a gidan. Mu kuma muna nesa. Ta kama ko ta bari? Daga wata uwa a Illela.

AMSA: Hajiya, tambayarki ce ta fi shafar mutanenmu. A cikin makarantun gwamnati na nan, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, ko jami'ar jiha, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, masaukin mata daban na maza daban. Cakuɗar da ake jin tsoro a wajen katangar makaranta take, a gidajen haya, kuma ƙarancin gado ke kai yara can. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya gano cewa gadajen jami'o'in gwamnati a Najeriya sun ishi kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ɗalibai. Da yake an fi fifita 'yan ajin farko da na ƙarshe, 'yan aji biyu da uku su ke shan wuya.

Kafin komai, ta koma ofishin harkokin ɗalibai ta rubuta sunanta a jerin masu jira. Wasu da aka ba gado ba sa biya cikin wa'adi, gurbin ya dawo. Kada ta sayi gado a hannun ɗaliba 'yar'uwarta: doka ta hana, sunan da ke rubuce ba nata ba ne, ranar da aka zo bincike ita za a fitar da kayanta, kuɗin kuma ya tafi. Raɓewa a gadon ƙawa ma haka, ga shi yana mai da ɗakin mutum huɗu na takwas. A watannin zafi wannan cunkoso hanya ce ta sanƙarau, kuma ba a manta yadda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba.

In dole sai haya, shawararmu a fili take: ta nemi gidan mata zalla, ko da ya fi nisa da kuɗin kabu-kabu ɗaya. Dalilinmu ba zargin yaran maza ba ne, yanayin garin ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Wuta ta ɗauke ƙarfe goma na dare, ɗakin kwano ya zama tanda, kowa ya jawo katifarsa tsakar gida. A gidan haɗaka mazan za su baje a waje da gajeren wando, ita kuwa ta kulle kanta a ciki, taga a rufe, tana fifita da murfin littafi har asuba, gobe kuma tana da jarrabawa. Haka shanyar kayan ciki, haka tsefe kai, haka layin banɗaki da safe da bokiti a hannu. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma kullum ne.

In gidan mata bai samu ba, to a je a duba wancan da ido, ke ko kawunta, kada a yarda da hoton dillali. A tsaya a ƙofar ɗakin a ga hanyar banɗaki: in sai ta wuce ƙofofin maza, a bar shi. Wanda za a iya karɓa shi ne gidan da sashen mata ke da ƙofarsa da banɗakinsa da igiyar shanyarsa. A ƙirga mutane a ƙirga banɗaki. In fiye da mutum shida zuwa takwas ke kan ɗaya, safiya za ta zama rigima. A duba ruwa da lissafi: mutum 20, kowa ya yi amfani da lita 40 a yini, lita 800 ke nan, tankin lita 1,000 ba zai kai kwana biyu ba in bohol bai tashi ba. Daga nan sai 'yan ga-ruwa, su ma maza ne masu shiga har ƙofar ɗaki, don haka a ajiye durom a bakin ƙofar sashen a riƙa juyewa can.

Ƙofar ɗakin ta zama ta ƙarfe, da sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa. A canza makulli ranar tarewa, don ba a san hannu nawa tsohon ya ratsa ba. A duba taga tana da ƙarfe da raga, a ɗaga kai a duba silin: a gidajen da aka gina da gaggawa bangon da ke raba ɗakuna yakan tsaya a silin bai kai rufi ba, wanda ya hau ta ɗaki ɗaya zai iya sauka ta wani. A tambayi wa ke riƙe da makullin babbar ƙofa da ƙarfe nawa ake rufewa. Gidan da mai shi ko iyalinsa ke zaune a gefe ya fi wanda mai shi ke wani gari. Ta zauna da abokiyar ɗaki, kada ita kaɗai. A karɓi rasit mai sunan mai gida da ranar farawa da ta ƙarewa, a kuma je a gaida mai unguwa a gabatar da ita.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a aji uku. A aji muke tare da mata, a ɗakin karatu muke tare. Me ya sa sai a masauki za a raba? Ƙasashen da suka ci gaba ai sun daina wannan. Daga wani ɗalibi a Runjin Sambo.

AMSA: Ɗan'uwa, aji wurin aiki ne, mutum ya shirya ya fito. Masauki kuwa wurin da yake cire riga ne, ya yi barci, ya yi rashin lafiya. Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, har ta ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake ajiye tufafi, da bayan isha'i. Rayuwar hostel kusan duk a waɗannan lokuta take.

Batun ƙasashen waje kuma ba kamar yadda ka ɗauka ba ne. Haɗa masauki a Amurka sabon abu ne, ƙarshen shekarun 1960 ya fara yaɗuwa, har mujallar Life ta sa ɗaliban kwalejin Oberlin a bangonta a Nuwamban 1970 don abin baƙo ne. Dokarsu ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu ta yarda a raba masauki, muddin na mata bai gaza na maza a inganci da farashi ba. A 2011 Jami'ar Katolika ta Amurka da ke Washinton ta sanar da komawa raba masauki bayan shekaru tana haɗawa. Wani bincike da Brian Willoughby da Jason Carroll suka wallafa a 2009, kan ɗalibai sama da 500 a jami'o'i biyar, ya nuna masu yawan shan giya duk mako sun ninka fiye da sau biyu a masaukin haɗaka. Binciken ya nuna alaƙa ne a wuri da al'ada daban da namu, don haka ba ma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Masu son haɗawa suna da hujjarsu: sun ce ɓarnar kaya da hayaniya kan ragu in maza ba su kaɗai ba ne, kuma ana koyon girmama juna. Girmamawar ana koyonta a aji da ƙungiyoyi. Inda muke tare da kai shi ne rabawa kaɗai ba ta isa ba. Hostel ɗin mata da babu fitila a hanyarsa, ko katangarsa ta faɗi ta baya, ko famfonsa ya ƙafe har 'yan mata na fita neman ruwa da dare, sunan keɓewa kawai gare shi. A kan waɗannan ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta ɗaga murya.

TAMBAYA: Na kai wa ƙanwata abinci a hostel, mai gadi ya hana ni shiga, alhali uwa ɗaya uba ɗaya muke. Wannan daidai ne? Daga wani yaya a Gawon Nama.

AMSA: Daidai ne, Malam. Kai muharraminta ne ita kaɗai, sauran 'yan ɗakin da na baranda ba naka ba ne, kuma suna cikin kayan shan iska. Mai gadi kuma ba shi da hanyar tantance yaya daga mai cewa shi yaya ne. Ka kira ta a waya kafin ka taso, ku haɗu a ɗakin baƙi ko bakin ƙofa cikin lokacin ziyara da ke rubuce a littafin dokokin ɗalibai. In kaya ne masu nauyi kamar buhun shinkafa ko katifa, ka nemi izinin matar da ke kula da hostel ɗin. In ta yarda za ta sa a sanar a baranda kafin a shiga, ko ta sa a ɗauke maka daga ƙofa.