Namijin Mesar da Ya Ƙi Cin Ɓera

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce namijin mesar nan mai dunƙulewa da ke akwati na huɗu ya yi mako bakwai bai ci komai ba, kana kai masa ɓera duk bayan kwana biyu yana kau da kai, har ka fara tunanin ka buɗe masa baki ka ɗura masa. Kada ka yi. Na ji daɗi da abin ya dame ka, domin wanda dabba ba ta damunsa ba zai yi nisa a wannan sana'a ba. Amma ɗura ita ce abu na ƙarshe, kuma wannan macijin bai kai ko kusa da nan ba.

Kafin komai, ka ɗora shi a sikeli? Duba littafinmu. Ranar da ya ci na ƙarshe nauyinsa giram 1,200 ne. Idan yau ka same shi a 1,170, to bai rasa abin a zo a gani ba, bayan gida ɗaya da ya yi ma zai iya ɗauke wannan. Ni ba kwanaki nake ƙirgawa ba, nauyi nake dubawa. Sai ya zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ko ka ga ƙashin bayansa ya fito ya yi tsini, fatar gefensa ta saki, sannan hankalina zai tashi. Babbar mesa mai lafiya takan yi wata uku, huɗu, har fiye ba ta ci ba, ta dawo ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Jikinta ba irin na akuya ba ne. Ba ta ƙona abinci don ɗumama kanta, ɗumi daga waje take samu, shi ya sa abin da ta tara yake daɗe mata.

Ka kuma tuna wane lokaci muke ciki. Hunturu ne, kuma shi ne lokacin barbararsu. Wannan mesar, wadda masana ke kira Python regius, 'yar nan ce, daga Senegal har Sudan ake samunta, kuma daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawan waɗanda ake kaiwa Amurka da Turai a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. Ko can da aka kai su, inda ba su san hazo ba, mazan sukan rufe baki idan sanyi ya shigo. Abin a jininsu yake. Namiji yana jin ƙanshin mace a ɗakin nan, ɓera ba ya gabansa.

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza, don haka kada ka jingina komai ga hunturu ka tafi. Duba gidansa. A daji wannan dabbar a ramin ɓera ko cikin suri take wuni, wuri mai duhu, matsattse, mai ɗumi da ɗan danshi, sai dare ya yi ta fito. Idan akwatinka bai yi kama da wannan ba, ba za ta ci ba ko da ka kawo mata ɓeran da ya fi kowane ƙiba. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance da ɗumi, digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 25 zuwa 27. Da ma'aunin zafi za ka auna, a ƙasan da take kwanciya, kuma da asuba, ba da rana tsaka ba. Nan Kumasi a wannan watan dare yakan yi sanyi fiye da yadda kake ji kai da ke cikin bargo. Macijin da ya ji sanyi ya san ba zai iya narkar da abinci ba, zai ruɓe masa a ciki, saboda haka ƙin cin da ya yi hankali ne. Danshi kuma ya tsaya wajen kashi 60 cikin 100. Iskar hunturu tana busar da ɓawon kwakwar da muke shimfiɗa musu cikin kwana ɗaya, ka riƙa yayyafa ruwa a kusurwa, amma kada ka mayar da wurin taɓo.

Maɓoya ita ce abin da sababbi suka fi rainawa. Na ga ka sa masa babbar roba don ka ji tausayinsa, kana ganin zai fi sakewa. Cire ta. Sa masa fasasshiyar tukunyar ƙasa wadda idan ya shiga jikinsa zai taɓa kowane gefe, ɗaya a wurin ɗumi, ɗaya a wurin sanyi. Dabbar da duk makaminta shi ne ta dunƙule ta ɓoye kai a tsakiya matsoraciya ce, kuma mai jin tsoro ba ya cin abinci.

A nan ne kuskurenka yake, kuma ni ma na yi shi a farkon koyona. Kai masa ɓera duk kwana biyu ba taimako ba ne, tsoratarwa ce. Kullum ka buɗe, ka ɗaga maɓoya, ka kaɗa masa abu a fuska, yana koyon cewa buɗewar akwati fitina ce. Daga gobe, bayan mun duba shi tare, ka bar shi kwana goma sha huɗu. Kada ka ɗauke shi, kada ka nuna wa baƙi. Ruwa kawai za ka canza.

Idan ranar ta zo, ka jira bayan isha'i, ka rage fitila. Ɓeran firiza ya narke sarai har cikinsa, ka matsa ka ji babu sauran ƙanƙara, sannan ka sa shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi har kansa ya yi ɗumin jikin mai rai. Wannan ba ƙawa ba ce. Ka lura da ƙananan ramukan da ke jere a leɓensa na sama? Da su yake jin zafin jikin abin farauta a cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinsa kamar dutse ne. Riƙe shi da dogon hantsaki, ka motsa shi a hankali a bakin maɓoya, kada ka buga masa a hanci. In bai kama ba, ajiye a ƙofar maɓoyar ka rufe ka tafi, da yawansu ba sa ci sai ba kowa. Da safe in yana nan, ka zubar, kada ka mayar firiza. Kaurin ɓeran kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin macijin, kuma ga wanda ya daɗe bai ci ba, ƙarami ya fi.

In ka gwada sau biyu ko uku haka bai ci ba, sai mu canza abincin. Wasu ba sa son farin ɓeran nan na kiwo, sun fi son ɓeran Afirka mai laushin gashi, irin wanda iyayensu suka saba. Wasu kuma ɗan tsako ne ke buɗe musu baki. An yi bincike a kudu maso gabashin Najeriya da ya nuna cewa mazan sun fi matan hawa bishiya da cin tsuntsaye, don haka ɗan tsako ba baƙon abu ba ne gare shi. Ko goga jikin tsakon a kan ɓera kawai yakan wadatar. Sai dai ka sani, wanda ya saba da abu ɗaya yana da wuyar dawowa, kuma mai saye a ƙasar waje ba lallai ya samu irin wannan ɓeran ba. Shi ya sa ba na saurin canzawa.

Abu biyu na hana ka har abada. Kada ka kama ɓeran gida ko na kasuwa ka ba su. Wataƙila ya ci guba, yana ɗauke da tsutsotsi, kuma wannan ɓeran mai laushin gashi idan na daji ne shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, don haka kai ma kana cikin haɗari. Na biyu, kada ka bar ɓera mai rai da maciji ka fita. Na taɓa ganin mesa da ɓera ya cinye mata naman baya cikin dare ɗaya, ita kuwa ta dunƙule tana ji ba ta rama ba. Ba na son in sake ganin wannan.

Duk abin da na faɗa na babba ne mai lafiya. Ɗan ƙyanƙyasa daban yake. Ba ya ci sai ya yi saɓarsa ta farko, wajen mako ɗaya zuwa biyu bayan ya fito daga ƙwai, amma in ya wuce wata bayan nan bai karɓa ba, ka zo ka faɗa mini, domin ba shi da kitsen da zai jira da shi. Haka in ka ga idon maciji ya yi fari-fari kamar hazo, saɓa ce ke tafe, ka ƙyale shi ya gama.

Gobe da safe, kafin ka fara ƙirga kwana goma sha huɗun nan, fito da shi sau ɗaya mu duba tare. Za mu saurari numfashinsa ko akwai shaƙuwa ko fito, mu duba baki ko akwai kumfa, majina ko ja, mu bi ƙarƙashin haɓa da gefen ido ko akwai kaska ko ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da ke sa su kwana cikin kwanon ruwa. In muka ga ɗaya daga ciki, wurin likitan dabbobi za mu kai shi, tare da kashinsa a leda don a duba tsutsa. Ka zo da sikeli da littafin.