Shin Kamfani Yana da Ikon Leƙa Wayata da Kwamfutar Ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa. Kwanan baya manajanmu ya kira ni, ya nuna mini jerin shafukan da na buɗe a kwamfutar ofis, har da lokutan da na shiga Facebook, alhali ba a taɓa gaya mana cewa ana bibiyarmu ba. Yanzu kuma an ce kowa ya saka wata manhaja a wayarsa ta kansa, wai saboda tsaro. Shin suna da wannan iko? Kuma za su iya karanta saƙonnina na WhatsApp?

Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abu biyu ka haɗa a tambayarka, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne: kwamfutar ofis daban, wayarka daban.

Kwamfutar ofis, da adireshin imel na aiki, da layin intanet da kamfani yake biyan kuɗinsa, duk kayan kamfani ne, kuma yana da dalili na gaskiya na lura da su. Sashen kuɗi yana cikin wuraren da 'yan damfara suka fi kai farmaki ta hanyar saƙonnin bogi, kuma ma'aikaci ɗaya da ya buɗe abin da bai kamata ba zai iya jefa asusun kamfani da bayanan abokan ciniki cikin haɗari. Haka nan lokacin aiki amana ce da ake biyan ka albashi a kanta. Inda kamfaninku ya yi kuskure, a ganina, shi ne yin abin a ɓoye. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da maganganunsu ta waya, kuma mutum ba ya ajiye wannan haƙƙi a bakin ƙofar ofis. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ƙara da cewa duk mai tattara bayanan mutum dole ya kasance da dalilin da doka ta yarda da shi, ya sanar da mai bayanan abin da za a yi da su, kuma kada ya tara fiye da abin da manufarsa take buƙata.

Akwai wata shari'a a Turai da ta yi kama da halin da kake ciki. A 2007 wani kamfani a Romaniya ya kori wani injiniya mai suna Bogdan Barbulescu, bayan ya gabatar masa da shafuka 45 na hirarsa a manhajar aika saƙo ta Yahoo Messenger, ciki har da abin da ya rubuta wa ɗan'uwansa da matar da zai aura. Kamfanin kuwa ya riga ya hana amfani da kayan aiki wajen harkar ƙashin kai. Duk da haka, a watan Satumba na 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an tauye masa haƙƙi, saboda kotunan ƙasarsa ba su bincika ba ko an sanar da shi tun da farko irin bibiyar da za a yi da iyakarta, da kuma ko akwai wata hanya mai sauƙi da ba sai an karanta saƙonninsa ba. Wannan hukunci bai zama dole a kan kotunanmu ba, amma ma'aunin da ya kafa na adalci ne: a sanar tukuna, kuma a tsaya iya buƙata. Musulmi ma ya san cewa aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane.

Batun WhatsApp ya danganta da inda ka buɗe shi. Idan wayarka ce ka haɗa da Wi-Fi na ofis, masu kula da layin za su iya ganin cewa ka yi amfani da WhatsApp, da lokacin, da yawan datar da ka ci, amma ba za su iya karanta saƙon ba, domin a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya. Idan kuwa ka buɗe shi a kwamfutar ofis, lamarin ya canza, saboda akwai manhajojin da ke ɗaukar hoton allon kwamfuta ko su naɗi duk harafin da ka danna, kuma kullewar saƙo ba ta kare abin da ya riga ya bayyana a gabanka.

Wannan ne ya sa manhajar da aka ce ku saka ta fi damuna. Wasu irinta suna ware wani ɓangare na waya domin aiki kawai, ba sa taɓa sauran. Wasu kuma suna iya nuna inda kake dare da rana, su ga manhajojin da ke wayarka, har su goge komai daga nesa. Waya ce da ka saya da kuɗinka, mai ɗauke da hotunan iyalinka da asusunka na banki, kuma yardar da aka karɓa daga mutumin da ke tsoron rasa aikinsa yarda ce mai rauni.

Saboda haka kada ka saka ta tukuna, kuma kada ka yi fito-na-fito da manaja. Ka duba takardar ɗaukar aikinka da littafin ƙa'idojin ma'aikata, domin sau da yawa akan sa hannu a kan irin wannan sharaɗi ba tare da an karanta ba. Sannan ku haɗu da abokan aikinka ku rubuta wa sashen kula da ma'aikata cikin ladabi, kuna neman a bayyana muku a rubuce abin da manhajar take tattarawa, wanda zai gani, tsawon lokacin da za a ajiye shi, da ko tana aiki bayan an tashi. Ku kuma ba da shawarar kamfani ya samar da wayar aiki ga wanda aikinsa yake buƙatarta. Idan aka ƙi ba ku amsa, kuna iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC. Idan har aka hukunta wani ko aka kore shi a kan wannan, ya nemi lauya, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki.