Ka ɗora ta, amma kar ka sayar da ita

Ƙanina, ka tambaye ni wai kana so ka fara ɗora yarinyar nan da ka ƙirƙira a zane, mai tallan furar nan mai tabo a gira, a Instagram da DeviantArt, shafin intanet na masu zane, amma kana tsoron a sace maka ita, ko dai ka bari tukuna. Toh ni dai shawarata ka ɗora, kar ka jira komai.

Za a iya ɗauka kam, wani zai yi sikirinshot ya yanke sunanka ya sa a shafinsa, wannan ba makawa. Amma me ya ɗauka? hoto ɗaya. Bai san me ya sa take ɗaure mayafinta a ƙugu ba, bai san ina ta samo tabon ba, in aka ce ya zana ta tana gudu ko tana fushi ba zai iya ba, kai kuwa cikin dare aka tashe ka zaka zana. Kuma doka tana bayanka, tun daga lokacin da ka zana abu a takarda ko a waya haƙƙin mallakarsa ya zama naka ba sai ka yi rajista ba, haka yake a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haka yake a yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka da aka ƙulla tun 1886. Sai dai ka gane, zanenka aka kare, ba tunanin ba. Kowa na iya zana yarinya mai tallan fura, taka ce dai ba zai kwafa ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne shaida. Fayil ɗinka na asali na manhajar zane ta ibisPaint, mai leya-leya wato zanen hawa-hawa, kar ka taɓa gogewa ko waya ta cika, ka tura shi imel ɗinka, da bidiyon nan da manhajar ke ɗauka tun daga layin farko har fenti, da littafin zanenka na fensir ka riƙa rubuta kwanan wata a gefe. Hoton da zaka ɗora ka rage masa girma, sa hannunka kuma ka sa shi a jikin ƙwaryar ko bakin zani inda in an yanke hoton ya lalace, banda can kusurwa. Ranar da ka ga wani ya ɗauka Instagram na da fom na kai ƙarar satar aiki, ka cike ka haɗa da naka na asali, ba sai kun tsaya zage-zage ba.

Wallahi wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zuwa da fara'a da kuɗi a hannu. A 1938 wasu samari biyu a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da Superman ɗungurungum a kan dala 130, kamfani ya yi ta kwasar dukiya su kuwa suna ta shari'a shekara da shekaru, sai a 1975 aka yarda a riƙa ba su wani abu duk shekara a kuma mayar da sunayensu kan aikin. Ba wanda ya yi musu sata, da hannunsu suka sa hannu. Don haka in wani ya shigo inbos ya ce yana son ta a jikin riga ko talla ko katun, ka tambaye shi a rubuce, hoto ɗaya yake so ko ita kanta, na wane aiki, zuwa yaushe. Hoto ka sayar, izini na wani lokaci ka bayar, ita kuwa tana nan taka. Kuma kar ka sa hannu a wata takarda sai ka kawo min mun karanta tare.

Sannan wurin nan zaman mutane ne fa, ba ka watsa hoto ka gudu ba. Ka yaba aikin wasu da gaske, kar ka ɗora takarda a kan zanen wani ka bi layi, in zaka zana jarumin wani ka nemi izini ka ambaci sunansa. Duk watan Yuli akwai wani wasa na intanet mai suna Art Fight inda masu zane ke zana jaruman juna, nan ne zaka ga yarinyarka ta fito daga hannun wani ɗan Brazil ko Indonesiya, amma sai kana da zane na shafi guda da ya nuna ta sosai.

Shi zaka fara yi wannan satin, gaba da baya da gefe, fuska kala uku, launukan kayanta a jere a ƙasa, sunanta da layi biyu na labarinta. Ka gyara hannun hagun nan da ke riƙe da ludayi, yatsun sun yi tsawo, in ka gama ka nuna min kafin ka ɗora.