Tsohon sawunkad mai FireWire ko sabo mai USB, wanne zai hau laftof ɗina?

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan situdiyo a Pantami nan Gombe, ina ɗaukar tallan rediyo da karatun malamai. Wani ya kawo min sawunkad (akwatin da ake jona maik ya kai sauti cikin kwamfuta) Focusrite Saffire Pro 40 na gwanjo, mai ramin maik takwas, kuma kuɗinsa bai kai na sabon Scarlett 2i2 ba. Laftof ɗina HP ce mai Windows 11, ba ta da ramin FireWire, tsohon ramin da ake jona Saffire ɗin da shi, amma mai sayarwar ya ce akwai wayar konbata da za ta mai da shi USB. Kuɗin adashi na ɗauka, wallahi tsoro nake kar in yi asara ga azumi ya matso. Wanne zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kar ka ba da ko sisi.

Shi Saffire ɗin ba shi da laifi ta ɓangaren sauti, kaya ne mai kyau a zamaninsa, har gobe akwai masu aiki da shi. Matsalar kwamfutarka ce ba za ta gan shi ba, kuma sawunkad ɗin da kwamfuta ba ta gani ba ai ƙarfe ne kawai ka ajiye a kan tebur.

Toh bari in tsaya kan maganar wayar konbata ɗin nan, don ita ce abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai an zo min da ita. Babu wata waya da ke mai da FireWire ya koma USB. Babu ita. Na san ana sayar da wata, kai ɗaya FireWire ɗaya kan USB, kuma za ta shige ramin daram, shi ya sa mutane ke yarda. Amma shiga rami daban, magana daban. FireWire yana buƙatar nasa cif ɗin a cikin kwamfuta wanda zai riƙa karɓar sautin, yadda yake aika bayanai ma ba irin na USB ba ne sam, ita kuma wayar nan zallar tagulla ce da roba, ba komai a cikinta da zai fassara wannan zuwa wancan. In ka ci sa'a ka jona shiru, ba abin da zai faru. In ba ka ci sa'a ba fa? Ramin FireWire mai fil shida an yi shi ya ɗauki wuta har bolt 30, USB na gargajiya kuwa bolt 5 ya sani, ga wayoyin nan ba wanda ya san yadda aka haɗa cikinsu, sai ka ga rami ya mutu ko cif ɗin sawunkad ɗin ya ƙone, ka rasa kuɗin adashi ka ƙara da na gyara. Daga nan sai a shiga zagaye na biyu, wani mai gyara ya ce ai direba ce babu, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kayan, ya sauko maka da wata daga shafin da ba a san asalinsa ba, ya kashe tsaron Windows don ta hau, kwamfutar da kake cin abinci da ita ta cika da bairos. Direba ba ta ƙirƙirar cif ɗin da babu shi. Ku masu sayarwa dan Allah ku ji tsoron Allah, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, mutum ya tara kuɗinsa da gumi ku ce masa "zai yi" alhali ko sau ɗaya ba ku taɓa jona shi kun ji sauti ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce kwamfutar tebur, a soka mata katin FireWire a ramin cikinta da ake kira PCIe, mai cif ɗin kamfanin Texas Instruments. Ko nan ma sai da lallaɓawa, tunda an daina ƙera Saffire tuntuni, kuma Windows 10 da ya fi zama lafiya da ita Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Ga mai laftof ba na ba da wannan shawarar.

Amma kar ka ɗauka duk tsoho ne abin gudu. Tsoho mai USB, kamar Scarlett zubi na biyu na 2016 ko na uku na 2019, zai yi maka aikin talla da karatu tsaf. Kar ramin USB-C ma ya ruɗe ka, na 2019 ɗin yana da shi amma USB 2.0 ne a ciki, kuma ya ishi sauti. Abin dubawa guda ɗaya ne: shiga shafin kamfanin da kanka, nemo sunan kayan, ka ga ko akwai direbar Windows 11.

Tambayi kanka kuma, maik nawa kake jonawa lokaci guda? Malami da alaramma mai jan baƙi biyu ne, 2i2 ko Behringer UMC202HD ya wadatar. In da gaske takwas kake so, akwai UMC1820 da Scarlett 18i20, duk USB ne, sai ka ƙara haƙuri ka tara.

Duk wanda za ka saya, tafi da laftof ɗinka da maik ɗinka, ka kunna maɓallin 48V mai ba maik ɗin situdiyo wuta, ka gwada kowane rami, ka ɗauki murya mai ɗan tsawo ka saurara da hedfon ko akwai ƙas-ƙas ko yankewa. In mai kaya ya hana gwaji, bar masa abinsa.