Hayaƙin mota da kuɗin aljihu: amsoshin wannan mako

Wata baiwar Allah daga Riyad ta ce kuɗin tasi na cinye albashinta, tana tunanin cin bashi ta sayi ƙaramar mota, jirgin ƙasan cikin gari kuma tsoro yake ba ta.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, kada ki ci bashin nan tukuna. Jirgin Riyad ya fara aiki a Disambar 2024, layuka shida ne, tikitin awa biyu riyal 4, na wata guda riyal 140, kuma akwai taragon mata da iyalai. Ki samu wata ta raka ki ranar hutu ku gwada. Idan tashar ta yi wa gidanku nisa ƙwarai, sai mu sake magana.

Wani matashi daga Jidda na tambaya ko fetur mai lamba 95, wanda ya fi mai lamba 91 tsada, zai rage hayaƙin motarsa. Malam, duba littafin motar. In an rubuta 91, sha 91 a kan riyal 2.18 kowace lita. Wancan na 2.33 ba zai ƙara maka komai ba.

Sai Alhaji daga Makka, wanda aka tallata wa wata 'yar na'ura da ake sakawa ƙasan sitiyari, wai tana rage shan mai da rabi.

Alhaji, don Allah riƙe kuɗinka. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yau na'ura, gobe maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, jibi ƙwayar da ake jefawa a tanki. Da suna aiki, ai kamfanonin mota da ke kashe maƙudan kuɗi don rage shan mai sun riga kowa sakawa. Wasunsu in ka fasa, fitila ce kawai mai ƙyaftawa a ciki. Haka baƙin mai na jabu da filogi na jabu: ka ji daɗin araha yau, injin ya riƙa shan mai yana tara dauɗa. Mafi muni shi ne makanikin da zai ce a cire matatar hayaƙin da ke jikin salansa wai mota ta ƙara ƙarfi. Gubar da take tacewa yaran unguwarku ne za su shaƙa, kuma ranar fahas, wato duba lafiyar mota na hukuma, za ka yi bayani.

Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, babu matatar da ke tare wannan, sai dai a ƙona mai kaɗan. Na san zafin Makka, amma barin mota a kunne da esi rabin awa a ƙofar masallaci ɓarna ce. Duba iskar taya duk wata, sauke tarkacen da ke but, ka daina fizgar mota a danja. In Madina za ka kai kaɗai, jirgin ƙasa na Haramain yana nan tun 2018.