Amsoshin tambayoyin masu dawaki: kaska, ciwon ciki da maganin tsutsa

Tambaya: Tun shigowar damina kaska ta addabi dokina, a kunne, a matsematsi da ƙarƙashin wutsiya. Mai shago ya ce in sayi maganin wankan shanu don ya fi araha. In saya?

Amsa: Malam, kafin ka miƙa kuɗi juya kwalbar ka karanta sunan sinadarin. Idan ka ga an rubuta amitraz, mayar masa da kayansa. Maganin yana yi wa shanu aiki, amma a jikin doki hanji yake tsayarwa: sai ka ga doki ya yi sanyi, yana tangaɗi, kashi ya ƙi fita, daga nan ciwon ciki mai iya kisa. Nemi mai ɗauke da cypermethrin ko permethrin wanda aka rubuta doki a jikinsa, ka sirka daidai yadda takardar ta ce, ka fara gwadawa a ɗan wuri a wuya ka jira kwana ɗaya. Kada ya taɓa ido ko mikin sirdi. Ka fesa tsagogin bangon barga ma, domin kaska na ɓuya a ciki.

Abin tsoro a kaska shi ne cutar jini da take sawa. Ɗaga leɓen dokin ka dubi dasashi. In ya koma fari-fari ko rawaya, ga zazzaɓi, ga fitsari ja kamar ruwan shayi, a ɗebi jini a gwada. Kada ka sayo allurar sammoren shanu ka yi masa da kanka, tana iya zame wa doki guba. Wadda likitoci suka fi amfani da ita, imidocarb, ita kanta tana murɗa ciki, shi ya sa sai da likita a tsaye.

Tambaya: Na ƙara wa ingarmana dawa don ya yi kyau kafin hawan sallah. Da dare ya riƙa tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa yana birgima. Wane magani zan saya in ajiye?

Amsa: Alhaji, wannan ciwon ciki ne, kuma da alama dawar ce ta jawo shi. Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai. In aka loda masa hatsi farat ɗaya, abin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji ya yi tsami, iska ta taru. Wannan tsamin ne kuma kan sauka a kofato: ka taɓa ka ji zafi, doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina da baya, ya ƙi takawa.

Ba magani za ka fara saya ba. Sayi ma'aunin zafin jiki da sikeli. Lafiyayyen doki zafinsa digiri 37.5 zuwa 38.5 ne a ma'aunin Celsius, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, za ka ji bugun da yatsa a ƙasan muƙamuƙi. In ciwon ya tashi, kwashe abinci duka, ka ja shi a hankali na minti goma zuwa sha biyar in zai iya tafiya, ka kira likita ka faɗa masa adadin bugun. Ya haura 60, ko dasashi ya yi ja wur, ko ka kafa kunne a kwiɓi ba ka ji ƙugin hanji ba, to ba a jira gari ya waye.

Muna roƙonka da abu guda: kada a ɗura masa mai ko jiƙon kanwa da kwalba. Dokin da ke cikin azaba ba ya haɗiya da kyau, mai ya bi ta huhu, a warke daga ciwon ciki a faɗa ciwon da ya fi shi. Likita ta tiyo yake zurawa, daga hanci har tumbi. Allurar kashe zafi ma, irin flunixin, tana ɓoye alamu na sa'o'i, a ɗauka ya samu sauƙi alhali hanji ya murɗe.

Ga yadda za ka ciyar. Dokin kilo 350 na bukatar aƙalla kilo 5 na ciyawa da harawa a yini. Hatsi kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya, a raba sau biyu ko uku, kuma duk ƙari a yi shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Auna mudunka a sikeli sau ɗaya ka san nauyinsa, don mudun dusa da na dawa ba ɗaya ba ne. Ruwa lita 25 zuwa 50 a yini, a bazara ya fi haka. Ka sa harawa a kwami, ba a kan rairayi ba, domin yashi na taruwa a hanji. Harawar da ruwa ya doka ta yi funfuna, zubar da ita. Abincin kaji kuwa kada ya kusanci barga, wani ana haɗa shi da sinadarin monensin, kaɗan daga cikinsa na lalata zuciyar doki.

Tambaya: Maganin tsutsar ciki, allura zan saya ko na baki?

Amsa: Na baki, wanda ake matsawa a bayan harshe. Allurar ivermectin ta shanu kan kumbura tsokar doki, wani lokaci ta ruɓe. Ƙa'idar maganin miligiram 0.2 ne a kowane kilo, don haka ka san nauyin dokin tukuna. Zagaya ƙirjinsa da tef ta bayan ƙafafun gaba, ka auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Zagaye 160 da tsawo 150 zai ba ka kilo 323 ko kusa. Rage magani don ya ishi dawaki biyu shi ke sa tsutsa ta daina jin sa. Tsutsa mai faɗi ba ta jin ivermectin, sai wanda aka haɗa da praziquantel. Ka riƙa kwashe kashi daga turke kullum, ka kuma kai samfurinsa asibitin dabbobi a duba ƙwai kafin ka sake saye.